Me ya sa kayan da muke saye ba sa kai bazara biyu a Sakkwato?

Duk wanda ya bi ta rumfunan masu gyaran kayan wuta a Babbar Kasuwar Sakkwato cikin watan Afrilu zai ga fankoki masu caji jere a bakin shago, wasu ko ledar da aka naɗe ƙafarsu da ita ba a gama ɓarewa ba. Fukafukan lafiya lau, injin lafiya lau, maɓallan ba abin da ya same su. Batir ne ya kumbura. Kuma a da yawa daga ciki, kafin mai gyara ya kai ga batirin sai ya ɓamɓare gindin fankar da tsinin sukundireba, domin an manne shi da gam, ko an yi masa 'yan haƙoran roba waɗanda in sun shiga ba sa fita sai sun karye.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda muka saba da hakan. Sai mu ce "ai kayan zamani ne", ko "iya kuɗinka iya shagalinka", mu tafi mu sayo wata.

Ga matsayata. Kowane kaya mai sauƙin kuɗi akwai inda aka rage masa wani abu, kuma ban ga laifin hakan ba. Laifin shi ne a rage a wurin da ke ɗaukar zafi ko nauyi, wurin da idon mai saye ba ya kaiwa, sannan a rufe kayan yadda ba za a iya gyara su ba. Wannan shawara ce da wani ya zauna ya yanke da alƙalami da lissafi. Kuma 'yan kasuwarmu masu odar kaya, da masu sana'armu na cikin gari, suna da hannu a ciki fiye da yadda muke so mu amince.

Zafin da ba a yi lissafi da shi ba

Batirin da ke cikin yawancin fankokin nan irin na dalma ne da aka toshe ruf, mai ƙarfin bolt 6 ko 12. Masu yin sa suna ƙiyasta tsawon ransa ne a kan zafin da bai wuce digiri 25 ba. Ƙa'idar da masana harkar suka sani ita ce, duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 8 zuwa 10 a kan haka, ran batirin yana raguwa da rabi. Wanda aka yi wa lissafin shekara huɗu, a digiri 35 shekara biyu zai yi, a digiri 45 kuwa shekara ɗaya.

To a Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana ya wuce digiri 40 ba labari ba ne. Ɗakin da aka rufa da kwano babu silin ba ya hucewa har bayan sallar Isha. A cikin wannan ɗakin fankar za ta rayu.

Mai ƙera ta ba shi da iko a kan rana, amma yana da iko a kan abin da ya sa a ciki. Buɗe gindin irin waɗannan fankoki ka gani: batirin yana manne da na'urar caji mai fitar da nata zafin, a cikin akwatin roba da ba shi da ko tsaga ɗaya ta shan iska. A da yawa babu abin da ke yanke caji idan batir ya cika. An kawo wuta da daddare, an jona, an kwanta barci, caji yana ta shiga har asuba. Ɗan ruwan da ke cikin batirin ya ƙafe, jikinsa ya kumbura. Haka kuma babu abin da ke kashe fankar idan batir ya yi ƙasa. Batir mai bolt 12 bai kamata ya sauka ƙasa da bolt 10.5 ba, amma sai fankar ta yi ta jan sa har fukafukan su tsaya da kansu. Duk daren da aka yi haka an ci wani abu daga ransa wanda ba ya dawowa.

Ɗan allon da ke yin waɗannan ayyuka biyu ƙarami ne, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin fankar. Amma ita wannan fankar da aka hana shi, an yi mata fitila mai launi, da rimot, da wurin cajin waya, wata har da rediyo. Kuɗin akwai su, an kai su ne inda ido zai gani a kan teburin shago.

Batirin litiyom ma bai tsira ba. Ƙwayar nan mai siffar gora da ake kira 18650, wadda ke cikin tocila da ƙananan fankoki, mafi kyawunta da manyan kamfanoni ke yi ba ta wuce kusan 3,500 mAh ba, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa. A kasuwa kuwa za ka ga an buga 9,900 mAh ɓaro-ɓaro a jikinta. Ka ɗora ta a tafin hannu ka ji ba nauyi. Akwai kuma nau'in da ake rubuta wa LiFePO4, wanda ya fi jure zafi kuma yake ɗaukar caji sau dubbai, alhali na dalma sau 'yan ɗaruruwa ne idan ana zuƙe shi gaba ɗaya. LiFePO4 ɗin ne ya fi dacewa da mu. Ya fi tsada a farko, shi ya sa mai oda ke kauce masa.

Wayar da ke ɓoye cikin roba

Matsalar fanka asarar kuɗi ce. Ta jonin wuta kuwa tana kai ga gobara.

Jonin da ake ja daga bango zuwa tsakar ɗaki yawanci an rubuta masa amfiya 13 a baya, wato yawan wutar da zai iya ɗauka. Wayar da za ta ɗauki amfiya 13 lafiya tana buƙatar kaurin jan ƙarfe na milimita 1.25 zuwa 1.5 murabba'i. Mai kaurin 0.75 amfiya 6 ce iyakarta, wato kusan wat 1,400 a wutarmu ta bolt 230. Dutsen guga mai wat 2,000 shi kaɗai yana jan kusan amfiya 9. Yanke wayar irin jonin nan mai arha ka duba: robar ta yi kauri sosai don ta cika hannu, 'yan silallan da ke ciki kuwa ana iya ƙirga su.

Wani lokaci ma ba jan ƙarfe ba ne. Alminiyom ne aka yi wa wanka da jan ƙarfe a sama. Alminiyom kashi 61 cikin ɗari kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, shi ya sa ya fi saurin yin zafi, kuma yana saurin karyewa a wurin da noti ya danne shi. Gane shi ba wuya. Kankare sili ɗaya da reza, in ka ga fari a ciki to shi ne. Ko ka kara masa wutar ashana: na jabu zai lanƙwashe ya yi laushi nan take, na gaske zai yi ja ya tsaya.

Haka bakin soket ɗin. Ƙarfen da ke kama ƙafar fulogi ya kamata ya zama tagulla mai ɗan tauri da ke matsewa. Idan siririn baƙin ƙarfe ne aka rina, bayan 'yan makonni zai saki, fulogi ya riƙa rawa, wuta ta riƙa tartsatsi, bakin ya yi baƙi ya narke. Maganaɗisu ba ya kama tagulla. In ya kama, ka san abin da aka sayar maka. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi an tsara shi ne da fis a ciki, don fis ɗin ya ƙone kafin waya ta ƙone. Da yawa daga cikin na kasuwa babu ko gurbin fis.

Wanda ya rage wannan bai rage ado ba. Ya rage abin da ke tsakanin katifar mutum da wuta.

"Ai talaka ne ke neman mai arha"

Wannan ce hujjar da ɗan kasuwa ya fi kawowa, kuma akwai gaskiya a cikinta. Mutum ya zo da kuɗinsa ƙirgagge, ka nuna masa mai kyau ya ce ya yi tsada, ya wuce shagon gaba. In ba ka ajiye mai arha ba, ka tashi ba ciniki.

Amma a duba abin da mai sayen ya sani lokacin da yake zaɓa. Jonin wuta biyu ne a gabansa, duka an rubuta amfiya 13, duka farare masu sheƙi, ɗaya rabin kuɗin ɗaya. Me zai sa ya ɗauki mai tsada? Da an rubuta gaskiya, cewa wannan na cajin waya da fitila ne kawai, kada a jona masa hita ko dutsen guga, da ya zaɓa da saninsa. Mutanenmu sun iya irin wannan ciniki. Wanda zai sayi rago a Kasuwar Kara yana shafa bayansa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, kuma ya san bambancin kuɗin da ya biya. A kayan wuta an hana shi dubawa, an kuma rubuta masa ƙarya.

Sannan talakan ne ya fi kowa cutuwa. A ɗauka, a misali, batir shi ne kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin fanka. Idan akwai murfi mai noti biyu a ƙasa, shekara na zagayowa ya biya wannan kason ya ci gaba da shan iska. Idan an manne, ko dai ya biya mai gyara ya fasa ta, ta dawo da ɗaurin waya da salatif, ko ya sayi sabuwa dungurungum. Mai hali ba ruwansa, yana da sola da manyan batura.

"Wutar ce ba ta da kyau"

Ita ma gaskiya ce. Wuta tana zuwa ƙasa-ƙasa, wani lokaci ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, ga na janareta da ke hawa da sauka. Sai dai wannan ba sabon abu ba ne da zai zo wa mai odar kaya ba zata. Dubi cajar waya ta kirki, za ka ga an rubuta bolt 100 zuwa 240. An yi ta ne ta yi aiki ko a Amurka ko a nan, shi ya sa wuta ta yi ƙasa ba ta damu ba. Akwai ƙwan fitila da aka yi wa irin wannan tsari, akwai kuma wanda 220 zuwa 240 kawai ya sani. Na biyun ne ke ƙyaftawa ya mutu.

Kuma yawancin ƙwayayen fitilar nan farare ba wuta ce ke kashe su ba, zafi ne. A wuyan ƙwan akwai ƙaramar kafasita mai ruwa a ciki, wadda ita ma ranta ke raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 10. Ta kirki an rubuta mata digiri 105, wato zafin da take jurewa, mai arha 85. Ƙwai mai kyau yana da kwanon alminiyom a cikin wuyansa da ke janye zafi, shi ya sa yake da ɗan nauyi. Mara kyau roba ce zalla. 'Yan ƙwayoyin hasken kuma a jere aka haɗa su, ɗaya na ƙonewa duka su mutu. In ka cire murfin za ka ga ɗigon baƙi a kan guda ɗaya tak, sauran lafiyarsu ƙalau.

"In ba a manne ba, ƙura za ta shiga"

Wanda ya san hunturun Sakkwato ba zai raina wannan magana ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura tana shiga har cikin akwatin da aka kulle. Amma hana ƙura shiga ba sai da gam ba. Zoben roba a bakin murfi da noti huɗu sun wadatar, kuma haka ake yi wa fitilun waje masu lambar IP65, inda 6 ɗin ke nufin ƙura ba ta ratsawa, 5 ɗin kuma feshin ruwa. Gam ana zaɓarsa ne domin ya fi sauri a layin haɗa kaya: babu sayen noti, babu ma'aikacin da zai ɗaura.

Kuma duk abin da ke juyawa, ƙura za ta same shi ko an manne ko ba a manne ba. Fankar da aka yi wa bushin maimakon boris tana buƙatar ɗigon mai lokaci-lokaci. Ƙura ta shanye man, sandar ta yi tauri, fanka ta fara gurnani sai an tura ta da hannu, kwayil ya yi zafi ya ƙone. Da an bar hanyar da za a buɗe a goge a ɗiga mai, aikin minti goma ne.

Keken ɗinki na ƙafa da ke shagunan teloli, wani ya girmi mai taka shi. Baburan 'yan kabu-kabu kullum suna cikin ƙura da rana. Ba don ba sa lalacewa suke daɗewa ba. Kowane sashe nasu yana kwancuwa da sifana, kuma ana samun sa shi kaɗai a kasuwa.

Roba da rana

A taƙaice zan taɓa wannan. Hasken rana yana cin roba, ta koɗe, ta yi gari-gari a sama, ta fara tsagewa. Baƙin tankin ruwa yana shekaru a kan gini domin an zuba wa robarsa garin baƙin gawayi na musamman, kimanin kashi 2 cikin ɗari, shi ke tare hasken. Kujera da bokiti masu launi sai an sa musu nasu maganin, kuma shi ne abu na farko da ake cirewa in ana son rage kuɗi.

Na biyu, ana cika robar da garin alli. Kujera ta yi nauyi, mai saye ya ɗaga ya ce wannan mai ƙwari ce, alhali nauyin alli ne, kuma shi ke sa ƙafa ta ɓalle farat ɗaya maimakon ta lanƙwasa. Robar kujera tsantsa tana yawo a kan ruwa. Jefa ɓallin karyayyar kujera a bokiti, in ya nutse to an cika alli.

"Mu da ba mu ƙera komai, ina ruwanmu?"

A nan ne na fi saɓa wa mutane. Masana'antar da ke Chaina tana yin abin da aka ce ta yi ne, a kan kuɗin da aka ce. Masana'anta guda tana iya fitar da mai kyau da mara kyau a mazubi ɗaya. Mai oda ne ake tambaya: waya mai wane kauri, batir wane iri, noti ko gam. Ko da ɗan kasuwar Sakkwato ba shi ke cika kwantena ba, daga kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Garin Kano yake sari, shi ne ke gaya wa dila abin da ke tafiya. In kullum saƙonsa shi ne "a samo wanda ya fi wannan sauƙi", to shi ma ya sa hannu a zanen.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba ma ƙera komai. Ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe a nan ake yin su. Garin da ke da unguwa sukutum ta maƙera kamar Maƙera Assada, da dukawan da fatar jar akuyarsu ta yi suna har ƙetare, ba a koya masa bambancin aiki mai kyau da na ha'inci. Amma je wurin mai walda ka ba da aikin ƙofar waje. Fallen da ya dace milimita 1.5 ne ko sama. Sai a sa wanda bai kai 1 ba, a ɗiɗɗiga walda nan da can maimakon a ja ta, a cike tsakani da fila, a fesa fenti mai ƙyalli ba tare da jan fentin hana tsatsa a ƙasa ba. Damina biyu, gindin ƙofa ya rube. Mai waldar zai ce kuɗin da aka ba shi ke nan, kuma sau da yawa gaskiyarsa. To ya faɗa tun farko: "Alhaji, a wannan kuɗin ga kaurin da za ka samu, in ka ƙara kaza ga wanda za ka samu." Ya auna a gabansa.

Tagar gilas mai zamiya da ta cika sababbin gidaje ita ma zaɓi ce da ba a yi tunanin garin ba. Komai faɗinta rabi kawai take buɗewa, kuma hanyar da take bi tana cika da ƙasa har tayoyin su ci. Taga mai buɗewa waje tana ba da iskar ramin gaba ɗaya.

Masu haɗa sola su ma haka. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti a digiri 25 aka auna shi, kuma yana raguwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a duk ƙarin digiri ɗaya. Farantin da aka kwantar a kan kwano ba tazara yana iya kai digiri 65 zuwa 70 da azahar, an yi asarar kusan kashi ɗaya cikin shida ke nan. A ɗaga shi kamar tsawon tafin hannu iska ta bi ta ƙasa, a karkata shi kudu da kimanin digiri 13 zuwa 15 daidai da inda Sakkwato take, a kuma sa shi inda za a iya kaiwa a wanke ƙura. Batura kuma a nema musu ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ba lungun da rana ke duka da la'asar ba.

Hukuma fa?

Wasu ƙasashen sun mai da wannan doka. Faransa tun 2021 ta wajabta a manna wa wasu kayan wuta maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaransu. Tarayyar Turai ta tilasta caja iri ɗaya, USB-C, daga ƙarshen 2024, ta kuma yi dokar da za ta sa daga 2027 batirin yawancin ƙananan na'urori ya zama wanda mai shi zai iya cirewa ya sauya.

Mu ma muna da hukumar SON mai kula da ingancin kaya, da tsarinta na SONCAP na kayan da ake shigowa da su da MANCAP na waɗanda ake yi a gida, ga kuma FCCPC ta kare haƙƙin mai saye. Ba na ganin sai an jira sabuwar doka kafin a kama wanda ya rubuta amfiya 13 a kan wayar amfiya 6. Abin da zan so a ƙara shi ne gwaji a yanayinmu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Ɗalibai za su iya sayo fanka da ƙwan fitila da jonin wuta iri-iri daga kasuwa, su gwada su a ɗaki mai zafin digiri 45, su auna kaurin waya da ainihin ƙarfin batir, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo kafin bazara ta kama.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan wuta kuwa ba sa buƙatar izinin kowa kafin su sa wa dilolinsu sharaɗi: fanka mai caji ta zo da murfin batir mai noti, batirin ya zama girman da ake samu a kasuwa, jonin wuta kuma a buga ainihin kaurin wayarsa a jiki, kuma a bar samfuri ɗaya yankakke a kan teburin shago don mai saye ya gani da idonsa.